Sauya Kayan Giyar Keke: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran keke ya san irin muhawarar da samari kan tafka a wurin. Wannan ya ce kekensa mai giya 21 ne, wancan ya ce nasa 24, wani kuma ya rantse cewa da zarar ya tara kuɗi zai kwance kayan giyar da keken ya zo da su ya ɗaura masu tsada, domin keken ya riƙa gudu kamar iska. Tun da kekunan kwatano masu giya suka yawaita a kasuwanni, suka zauna tare da irin su Raleigh da Phoenix da iyaye suka saba hawa, wannan magana ta shafi ɗalibai da malamai da dama, musamman waɗanda keke ne abin hawansu zuwa makaranta.

Kuɗin da za a kashe kuwa ba tsintuwa ba ne. Sau da yawa kuɗin littafi ne, ko na jarrabawa, ko abin da aka daɗe ana tarawa daga aikin hutu. Saboda haka ya dace a san abin da za a samu kafin a miƙa su. Ilimin fiziks yana da amsa a kan wannan batu, kuma amsar ba ta buƙatar abin da ya wuce ƙidaya da ɗan lissafin da ake koyarwa a ƙaramar sakandare.

Mene ne aikin giya?

Kekunan da aka yi yayi a Turai a shekarun 1870 ba su da sarƙa. Fedar a manne take da ƙafar gaba, ta yadda juyin feda ɗaya shi ne juyin taya ɗaya. Mai son sauri ba shi da dabara sai ya ƙara girman tayar, har aka riƙa ƙera masu tsayin mita ɗaya da rabi, waɗanda faɗowa daga kansu kan karya mutum. A shekarar 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila ya fito da keken da ya sa wa suna Rover, mai sarƙar da ke juya ƙafar baya. Siffar wannan keke ita ce ake bi har yau.

Sarƙa tana haɗa faranti biyu masu haƙora: babba a gaba, inda feda take, da ƙarami a ƙafar baya, wanda masu gyara ke kira firiwil. Alal misali, a ɗauki keke mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya. Idan aka raba 44 da 18 za a samu kimanin 2.44, wato duk lokacin da feda ta zagaya sau ɗaya, taya za ta zagaya kusan sau biyu da rabi. Kewayen tayar babban keke mai inci 28 kimanin mita 2.2 ne. Ke nan juyin feda ɗaya yana kai mahayi mita 5.4. Idan yana juya feda sau 60 a minti, gudunsa ya ɗan haura kilomita 19 a awa.

To, a cire firiwil mai haƙora 18 a sa mai 22. Yanzu rabon ya koma 2, tafiyar juyi ɗaya ta koma mita 4.4, gudun kuma ya sauka zuwa kimanin kilomita 16 a awa. Amma ƙarfin da ƙafa za ta danna feda da shi ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Abin da aka rasa a nisa an same shi a sauƙi. A ilimin fiziks, aiki shi ne ƙarfi sau nisa, kuma babu wata na'ura da ke ƙirƙiro aiki daga babu. Giya ba ta ƙara wa mahayi ko ƙwayar zarra ta kuzari. Aikinta shi ne ta ba shi zaɓi: ya kashe kuzarinsa da danna mai nauyi kaɗan-kaɗan, ko da danna marar nauyi sau da yawa.

Wannan zaɓi yana da muhimmanci saboda tsokar ɗan Adam tana da saurin da ta fi jin daɗin aiki a cikinsa. Yawancin mahaya sun fi daɗewa ba su gaji ba idan suna juya feda tsakanin sau 60 da 90 a minti. Idan juyin ya yi ƙasa ƙwarai, cinya kan yi tsami, gwiwa ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta.

Yadda giya mai canzawa ta samu

A shekarar 1902 aka yi rajistar ƙirar Sturmey-Archer a Ingila, giya mai hawa uku da ke ɓoye a cikin cibiyar ƙafar baya, inda ƙura da ruwa ba sa kai mata cikin sauƙi. A Faransa kuwa an fi karkata ga wata hanya, wato jera faranti da dama a waje, tare da wata 'yar na'ura da ke ture sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan. Ita ce za a kira masauyin sarƙa a wannan maƙala. Shahararriyar gasar tseren keke ta Tour de France ba ta amince wa dukkan 'yan tserenta su yi amfani da masauyin ba sai a 1937. Kamfanin Shimano na Japan, wanda aka kafa a 1921, ya fito da libar da ke yin ƙas-ƙas a 1984, wadda kowane taki nata yake kai sarƙa daidai kan faranti guda. A 2009 kuma ya fitar da masauyi mai aiki da batir.

Akwai darasi a cikin wannan tarihi. Liba mai ƙas-ƙas, wadda a 1984 sai a keken manyan 'yan tsere ake ganinta, yanzu tana kan kekuna mafi araha. Kayan talaka na yau sun gaji fasahar da ta kasance ta zakaru a jiya.

Ina ƙarfin mahayi yake tafiya?

Ana auna ƙarfin aiki da ma'aunin wat. Matashi mai lafiya da ke tafiya ba tare da haki ba yana fitar da abin da ya kai wat 100 ko ƙasa da haka. A ɗauka nauyinsa da na kekensa sun haɗu kilo 80, yana tafiyar kilomita 20 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ba iska. Ƙiyasin lissafi ya nuna cewa kimanin wat 60 suna tafiya wajen keta iska, kimanin 35 wajen murzawar taya a ƙasa, abin da ya rage kuwa, wanda bai wuce wat 5 ba, shi ne yake salwanta a sarƙa da faranti da boris.

Ƙanƙantar wannan kaso na ƙarshe ba zato ba ne. A ƙarshen shekarun 1990 wani masani mai suna James Spicer da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna yawan ƙarfin da sarƙar keke ke isarwa daga feda zuwa taya. Sakamako mafi kyau da suka samu shi ne kashi 98.6 cikin 100, mafi muni kuma kashi 81. Abubuwan da suka fi kawo bambancin su ne girman farantin baya da yadda sarƙa take ɗaure da nauyin aiki: babban faranti da danna mai ƙarfi sun fi isar da kuzari. Wani abin mamaki shi ne, a cikin ɗakin gwaji mai tsabta, irin man da aka shafa wa sarƙar bai kawo wani bambancin a-zo-a-gani ba.

Saboda haka, ko da kayan giya masu tsada sun ceto wa mahayi wat ɗaya cur, a tafiyar kilomita 10 wadda ke cin minti 30, lokacin da zai rage bai kai sakan 10 ba. Amma idan tayarsa ta yi laushi har murzawarta ta ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, ya yi asarar kusan wat 12, fiye da ninki biyu na duk abin da sarƙa ke ci. Mai sayen sabuwar giya alhali tayarsa ba iska ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da tsada take saye

Kamfanonin ƙera kayan giya, irin su Shimano da SRAM na Amurka da Campagnolo na Italiya, suna jera kayansu hawa-hawa. A wajen Shimano, alal misali, Tourney yana ƙasa, 105 da Deore suna tsakiya, Dura-Ace da XTR kuma su ne ƙololuwa. Abu uku ake biya idan aka hau sama.

Na farko shi ne rashin nauyi. Maimakon baƙin ƙarfe, ana amfani da alminiyam da titaniyam da zaren kabon. Tsakanin kayan tsakiya da na ƙololuwa bambancin nauyin giram ɗaruruwa ne kawai, farashin kuwa yakan ninka sau biyu ko fiye. A ɗauka an rage giram 500, wato nauyin ledar ruwa ta rabin lita. A cikin kilo 80 wannan kimanin kashi 0.6 cikin 100 ne kawai. A hawan tudu mai cin minti 30 zai rage sakan 11, a miƙaƙƙen fili kuwa kusan ba za a ji shi ba. Ga ɗan tsere wannan ba ƙaramin abu ba ne. A gasar Tour de France ta 1989 Greg LeMond na Amurka ya doke Laurent Fignon na Faransa da sakan 8 kacal, bayan tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Amma ko a nan abin lura shi ne, abin da ya fi jan hankalin masana a tseren ranar ƙarshe shi ne sabon kan keke da hular da LeMond ya yi amfani da su don rage tirjiyar iska. Ɗalibin da ke ɗauke da jakar littattafai ba shi da abin da zai yi da sakan 8.

Na biyu shi ne yawan giya, kuma a nan ne ake yawan ruɗuwa. A duba keke mai giya 21, wanda ke da faranti uku a gaba masu haƙora 48 da 38 da 28, da bakwai a baya masu 14, 16, 18, 20, 22, 24 da 28. Haɗa 48 da 24 yana ba da rabo 2. Haɗa 28 da 14 shi ma 2 yake bayarwa. Haɗa 48 da 18 yana ba da 2.67, haɗa 38 da 14 kuma 2.71, bambancin da ƙafa ba za ta ji ba. Ashe da yawa daga cikin 21 ɗin maimaici ne. Abin da ya kamata a tambaya shi ne faɗin tazarar da ke tsakanin giya mafi nauyi da mafi sauƙi, wanda a wannan keke ya tashi daga 3.43 zuwa 1. Ƙara faranti a tsakani yana sa canji ya yi laushi, amma ba ya sa tudu ya yi sauƙi.

Na uku shi ne daidaito. Masauyi mai kyau ba ya yin lako-lako da wuri, kuma sarƙa tana hawa faranti ba gardama. Wannan amfani na gaskiya ne, amma galibinsa ana samunsa ne tsakanin kaya mafi ƙasƙanci, irin na gwangwani da roba marasa suna, da kaya na tsakiya. Daga tsakiya zuwa sama kuɗi yana ta hawa, amfanin yana ta raguwa.

Ɗaya tana jawo ɗaya

Wani abin da mai saye ba ya hange shi ne, kayan giya ba sa aiki sai da 'yan'uwansu. Duk lokacin da aka ƙara yawan faranti a baya, sai an matse tazarar da ke tsakaninsu, an kuma sirantar da sarƙa. Faɗin sarƙar faranti 7 kimanin milimita 7 ne, na faranti 12 kuwa bai kai biyar da rabi ba. Liba ma an ƙera ta ne ta ja waya gwargwadon wannan tazara. Bugu da ƙari, firiwil na kekuna masu araha murɗa shi ake yi a jikin cibiya kamar noti, alhali faranti 10 ko 11 zura su ake yi a kan wata irin cibiya daban. Don haka wanda ya yi niyyar sauya abu ɗaya zai tarar sai ya sauya liba da masauyi da sarƙa da faranti, wani lokaci har da ƙafar baya ɗungurungum. Kafin ya farga kuɗin sun doshi na wani keken da ya fi nasa. Idan kuma siririyar sarƙar ta tsinke a ƙauye, samun irinta wani aiki ne.

Masu ƙera keke don karkara sun san wannan matsala. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, F.K. Day, yana cikin mutanen da suka assasa kamfanin SRAM. Duk da haka keken Buffalo da ƙungiyar ta tsara don ƙauyukan Afirka na baƙin ƙarfe ne, nauyinsa ya haura kilo 20, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100, kuma an daɗe ana yin sa da giya ɗaya tak. Da suka tashi ƙara masa giya a 2024, biyu kawai suka yi masa, ba tare da masauyin da ke reto a waje ba.

Ƙura da yashi

A ƙasar Hausa babban abokin gabar sarƙa shi ne ƙura, musamman a lokacin hunturu. Yashi yana ƙunshe da ma'adinin kwaz, wato ƙanƙarar dutse, wanda ya fi yawancin ƙarafa tauri. Idan ya haɗu da mai sai ya zama kamar sanfefa mai ruwa, ya shiga tsakanin ƙusoshin sarƙa yana cin su. Lafta wa sarƙa baƙin mai yana ƙara tara wannan ƙura. Abin da mutane ke kira miƙewar sarƙa ba talewar ƙarfe ba ce, cinyewar ƙusoshin ce take ƙara tazarar gaɓoɓi. Sarƙar da ta kai haka takan hau saman haƙora ta cinye su har su lanƙwashe kamar ƙugiya, daga nan sai ta fara zamewa idan an danna feda. Yashi bai san tsada ba, hasali ma haƙoran alminiyam da na titaniyam sun fi na baƙin ƙarfe saurin cinyewa.

Haka kuma, mafi yawan kukan da ake yi da giya ba daga ingancin kayan yake ba. Waya mai tsatsa, ko ƙarfen da masauyi ke rataye a jikinsa wanda ya lanƙwashe saboda faɗuwa, ko sukurorin da ba a daidaita ba, su ne kan sa sarƙa ta ƙi hawa. Gwanin mai gyara zai magance waɗannan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Yaushe sauyi yake da riba?

Akwai yanayi uku. Na farko, idan kayan sun riga sun cinye. Tun da sayen sabo ya zama dole, ƙara ɗan kuɗi a ɗauki na tsakiya mai suna, wanda ya dace da sauran kayan keken, dabara ce mai kyau.

Na biyu, idan giyar ba ta dace da hanya ba. A ɗauki tudun da ke hawa mita 5 a cikin kowace mita 100. Mahayin nan mai wat 100 da kilo 80 ba zai wuce kilomita 8 a awa a kansa ba, wato kimanin mita 130 a minti. A kan giya mai mita 5.4, fedarsa za ta zagaya sau 24 kawai a minti, kowane juyi da kyar, shi ya sa yakan sauka ya tura. Domin ya juya sau 60 yana buƙatar rabon da ya kusa 1, wato haƙoran gaba da na baya su zo daidai. Don haka giya mai sauƙi tana da amfani ƙwarai ga mazaunin Jos ko Mambila, da mai ratsa rairayi a ƙauyukan Daura ko Damagaram, da mai ɗora buhu ko jarkokin ruwa. Mai tafiya a shimfiɗaɗɗen titin Kano kuwa giya ɗaya ko uku ta ishe shi. Maganin ma sau da yawa mai araha ne: a sauya firiwil mai 18 da mai 20 ko 22 a ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan, ko a sauya mai 14 zuwa 28 da mai 14 zuwa 34 idan masauyin zai ɗauka, wanda zai saukar da rabo mafi sauƙi daga 1 zuwa 0.82.

Na uku, idan mutum ɗan gasa ne da ya gama gyara komai, sakan kaɗan ne suka rage tsakaninsa da abokin hamayya.

Gwaji don aji

Malami na iya shigo da keke harabar makaranta ya raba ɗalibai rukuni biyu. Rukunin farko su ƙidaya haƙoran gaba da na baya, su auna kewayen taya da igiya, su lissafa nisan juyi ɗaya. Sa'an nan su yi alama da alli a ƙasa, su tura keken suna juya feda da hannu sau ɗaya, su auna nisan su kwatanta da lissafinsu.

Rukuni na biyu su auna sarƙa. Tazarar kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ce, wato milimita 12.7. Idan aka ɗame sarƙar aka ƙidaya tazara 20, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ƙusa, sabuwa za ta ba da santimita 25.4. Idan awon ya kai 25.6, lokacin sauya sarƙa ya yi. Idan ya kai 25.7 ko ya wuce, akwai yiwuwar haƙoran ma sun tafi, sai an sauya su tare.

Kammalawa

Wanda ke da ɗan kuɗi a hannu zai fi cin riba idan ya bi wannan tsari: birki da farko, domin shi ne rai, sa'an nan taya mai kyau da famfo, sai wanke sarƙa da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata mai kaɗan a goge na waje da tsumma, sai sabuwar waya da daidaita masauyi, sai sabuwar sarƙa idan awo ya nuna. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Idan bayan duk wannan tudu yana sauke shi daga keke, to ya ƙidaya haƙoran farantinsa, ya raba, ya nemi firiwil mai haƙoran da lissafin ya nuna masa. Idan kuwa tudu ba ya sauke shi, giyar da ke kan kekensa ta wadatar, ya mayar da sauran kuɗin aljihu.